Sunan da Inna Atika Ta Goya

A ƙasan akwatina akwai wani bargon jarirai. Da fari ne, yanzu ya koma launin kunu. Duk wanda na nuna wa sai ya ce aikin bai ƙare ba, ko kuwa mai saƙar ce ta ruɗe. A tsakiyarsa akwai jajayen alamu guda shida a jere, sun taso daga ƙasa, sun kai rabi, sun tsaya cak. Wata jikata mai zuwa lakkol, makarantar boko, ta taɓa juya shi ta ce, "Iya, ai waɗannan haruffa ne aka yanke wa kai." Na fizge abina na ninke. Yaran yanzu da zarar sun iya karatu sai su ɗauka sun iya gani.

Wadda ta saƙa shi ita ce ta raine ni. Sunanta Atika, yayar mahaifina ce, amma Inna nake ce mata don a hannunta na yi wayo. 'Yar Tibiri ce, gajera, ba ta da yawan magana, idan kuwa ta yi to an gama. Mutanen Maraɗi sun san ta da Atika Mai Kwarashi, saboda ƙaramin ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da take saƙa da shi. Kafin ta san kwarashi, kaɗi ta iya. Zarenta siriri ne, bai da kumburi ko ɗaya, har masaƙa suna rububinsa ranar kasuwa.

An aurar da ita ga Tanimu, mutumin Jiratawa, wanda yake kuku a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Ma'aikatan gidan suna ce wa Baturen Mushe, wato Yallaɓai da Faransanci, matarsa kuma Madam. Inna ta ce ta yi wata guda tana dariya a ɓoye, wai mutum da ransa da lafiyarsa ya yarda a kira shi mushe. Wannan duk a tsohon garin Maraɗi ne, can ƙasa kusa da Gulbi, shekara uku kafin ruwa ya ci garin. Lokacin ana yaƙi a ƙasar Turawa, kaya ba sa zuwa, sabulu ma sai a gidan manya.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Inna tun yanzu, don shi ne tushen komai. Ta haifi uku, maza biyu da mace ɗaya, ba wanda ya kai yaye. Wabi ke nan. Na farkon ne ya fi ci mata rai, domin tun yana ciki ɗoki ya sa ta sayi zanen goyo da majanyi, har ta raɗa wa Tanimu sunan da take so a sa. Da yaron ya koma, tsofaffi ba su raga mata ba. Suka ce ita ta yi gaggawa, ta kira ɗa tun bai iso ba, wasu kunnuwa suka ji. Inna ba ta yi musu ba. Ta ɗauki maganar ta haɗiye, maganar kuma ta zauna. Daga baya idan ta shiga gidan suna sai ta ga mata suna gyara wa jariransu mayafi suna juya mata baya. Har yau idan na tuna wannan raina yana ɓaci, don na san wasu daga cikin matan, kuma ba su kai ta tsabtar zuciya ba.

Wanki da guga take yi a gidan Baturen. Madam yarinya ce, ba ta fi Inna shekaru ba, kaɗaici ya ishe ta. Kullum da hantsi tana baranda da kwarashi a hannu. Wata rana ta lura Inna ta tsaya da kwandon wanki a ka tana kallon yatsunta, sai ta yafito ta. Cikin kwana uku Inna ta kama saƙar zare ɗaya. Cikin wata guda Madam ta fara jin kunyar nata aikin.

Sannan ta nuna mata saƙar zare biyu, wadda ake fitar da zane da ita. Fari da ja suna tafiya tare a layi ɗaya. Idan farin ne ke aiki, sai a kwantar da jan a kan layin, a riƙa saƙa a kansa, ya shige ciki ba a ganinsa ta gaba ko ta baya. Idan an zo inda zane ke son ja, sai a ɗago shi, farin kuma ya kwanta. Da Inna ta zo wurin canji na farko sai ta kai zaren baki za ta gatsa. Madam ta riƙe mata hannu, ta yi wata magana, ta ƙwala wa Tanimu kira daga madafa ya zo ya fassara.

Tanimu ya sosa ƙeya. Faransancinsa na tukunya ne da albasa. Ya ce, "Ta ce kada ki yanke shi, kada ki yas da shi. Ki tahi da shi. Wato dai... ki goya shi."

Inna ta dubi jan zaren kwance a bayan fari. Tun daga nan ba ta taɓa kiran saƙar da wani suna ba sai saƙar goyo, kuma duk matan da ta koya wa haka suke ce mata har gobe.

Ba a daɗe ba ciki ya bayyana a jikin Madam, na fari. Da ya tsufa sai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, zobe ma sai da aka sa mai aka zare. Kwarashi ya gagare ta. Ta sa Inna ta kaɗa farin zare mai laushi, ita kuma ta warware wata tsohuwar rigar sanyinta ta jan ulu, don babu inda za a samu wani. Ta kawo wata takarda mai ƙananan gidaje, an cike wasu da jan alƙalami. Ta nuna mata yadda za ta fara daga ƙasa, kowane gida ɗauri ɗaya, layi bayan layi har sama.

Inna ta gane bargon jariri ne, kuma ba ta ji daɗi ba. Amma ta ce a ranta Turawa da nasu hali, kuma bargo ai bargo ne, ko babba ya lulluɓa da shi. Zanen kuwa ta ɗauka ado ne irin na ƙwarya. Ta ba kowanne suna don kada ta ɓata lissafi: lauje, fartanya, tsani, akushi, baka, da matsefi. Da yake a jere suke, duka shidan tare suke tasowa, kowane layi ya ƙara musu tsawo kaɗan. Kwana goma sha biyu tana yi a inuwar bishiyar bedi, har suka kai rabi.

Ranar nan da azahar Sha'ibu ya ratso ta tsakar gida. Shi ne malamin sikeli na Mushe, ya yi lakkol, yana sa tabarau da ba na ciwon ido ba. Mutum ne da ba ya iya ganin takarda ya wuce. Ya ɗauka ya ɗaga.

"Kai, Atika, ashe kin zama malama! Rubutu kike yi."

"Wane rubutu? Ado na."

"Ado? Sunan ɗan da Madam za ta haihwa na. Ga shi ɓaro-ɓaro. Wayo gare su, sun zaɓi wanda ka shiga mace ya shiga namiji. Sunan shi ne..."

Inna ta saki kwarashin ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Sha'ibu ya tsaya baki buɗe, sannan ya ajiye takardar a hankali ya wuce. Shi ma ɗan Hausa ne, lakkol ba ta wanke masa wannan ba.

Ta ce ta zauna tana kallon hannuwanta. Kwana goma sha biyu tana kiran ɗan mutane da suna tun yana ciki, ɗauri bayan ɗauri, kuma duk garin Maraɗi ba a sami hannun da zai yi ba sai nata. Ta tashi ta sami Tanimu a madafa.

"Ba ni ƙarasa shi."

Tanimu ya sauke murya. "Ki ruhwa mani asiri, Atika. Kin san mi takardar da ke aljihuna take yi? Ita ta hana a kai ni aikin hanya. Mushe ya sa mata hannu, shi ka iya yage ta. Ɗan Nasara na, mi ya haɗa shi da al'adarmu?"

"Mutuwa ta san Nasara?"

"To ki hwaɗa ma Madam."

"Kai za ka hwassara?"

Tanimu ya koma yankan albasa. Ba na ganin laifinsa. Aikin tilas na lokacin ba wasa ba ne, mutum ya tafi da ƙafafunsa a dawo da shi a kan jaki, wani ma ba a dawo da shi.

Washegari Inna ta koma gindin bedi ta ɗauki aikin. Idan ta ƙarasa sunan, yaron ya koma, ta san ita ta kira masa. Idan ta warware, Madam za ta gani a ranar, ta ba wani ya yi. Sai ta ci gaba da saƙa, amma ba ta sake ɗago jan zaren ba. Ta kwantar da shi a cikin fari, ta yi ta tafiya da shi. Duk inda takarda ta ce ja, sai ta ƙirga a zuci ta wuce da fari. Layi ya hau layi, alamun nan shida suka tsaya a rabi, sauran sunan yana ciki a goye. Madam tana kwance a ɗaki, takan ɗaga murya ta tambayi aiki, Inna ta ce, "Wi, Madam." Kwana tara ana haka, kuma a kwana taran nan abinci bai yi mata daɗi ba.

Rana ta goma Madam ta ji dama, ta fito baranda ta ce a kawo ta gani. Inna ta shimfiɗa mata a cinya. Madam ta duba, ta juya bayansa, ta sake juyowa. Fuskarta ta yi fari fat, sannan ta fashe da kuka mai ƙarfi. Mushe ya taso daga wurin sikeli, Sha'ibu na biye da shi, masu dakon gyaɗa suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

Kafin Inna ta buɗe baki, wani daga cikin masu dakon, da ya riga ya ji zancen sunan a bakin Sha'ibu, ya ce, "Mai wabi ta yanke kan sunan ɗa. Sammu na." Mushe ya tambayi abin da aka ce. Sha'ibu, maimakon ya haɗiye, sai ya fassara masa tsaf, don a san ya iya. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, Sha'ibu dai har yanzu ina dubawa.

Mushe ya ce ta warware ta gyara a gabansa. Inna ta durƙusa, ta ce a yi mata haƙuri har a haihu a cika kwana bakwai, za ta gyara cikin yini biyu. Ya ce yanzu. Ta ce ba ta iyawa. Ya kira Tanimu ya karɓi takardarsa, ya yage ta gida huɗu. Ya jefi Inna da bargon, ƙwallon jan ulun ya gangara har bakin rijiya tana binsa tana naɗewa. Abin da ya faɗa na ƙarshe Sha'ibu ya fassara shi da murya ƙasa-ƙasa: idan wani abu ya sami ɗansa, ya san garinsu, ya san gidansu.

Ka ga inda ta shiga. Da ta ƙarasa sunan yaron ya mutu, ita ce a wurin kanta. Yanzu da ta ƙi, idan ya mutu, ita ce a wurin kowa. Abu ɗaya ne kawai zai fid da ita, wato ɗan da ba ta taɓa gani ba ya zo da rai ya zauna.

Tanimu ya koma Jiratawa, bai yi mako ba aka sa sunansa cikin masu aikin hanya. Inna ta tafi Tibiri wurin ƙanwar mahaifiyarta, Uwani, wata tsohuwa mai noman gero da ba ta taɓa barin tsafin gidansu ba. Uwani ta saurari labarin tana tsinke rama, ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Kin ɗauko mutuwar ɗan wani kin aza ma kanki. Kawo abin nan in sa a murhu." Inna ta hana. A can ta ƙarasa bargon, ta yi masa baki, ta soke ƙarshen jan zaren a ciki. Kullum da safe idan ta ji kofaton doki sai ta miƙe ta leƙa, ko ɗan aiken Mushe ne.

Kwana goma sha takwas, dokin ya zo. Damina ta yi tsaka, ana cikin noma na biyu. Gardi ne, ɗan sandan Nasara, da jar hula da bulala a hannu, ya tsaya ƙofar gidan ya kira sunanta. Ta fito.

"Mushe na kira."

"An haihu?"

"An haihu."

"Da rai?"

"Ba a aiko ni da wannan ba. Wuce mu tahi."

Lissafinta ya nuna saura wata guda da kwanaki, ke nan haihuwar ta zo ba lokacinta ba. Uwani ta riƙe mata zane tana cewa ta bar bargon, shi ne shaidar da za a kama ta da ita. Inna ta ninke shi ta ɗaura a ƙugu. Ta ce idan shari'a za a yi mata, to a buɗe a gani ba ta yanke komai ba.

Daga Tibiri zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce ga mai sauri. Ita a gaba, doki a baya, numfashinsa a ƙeyarta. Manoma suna ɗagowa daga gona suna kallo, ba mai gaisuwa. Fadama ta cika, a wani wuri ruwa ya kai mata cinya, ta kwance bargon ta ɗora a ka. Duk hanyar kunnenta yana gaba, tana sauraron ko za ta ji an ce Bature ya yi rashi. Da suka iso gidan ta dubi fuskar masu dako, kowa ya sunkuyar da kai. Gardin ya ɗaure doki ya zauna a bakin ƙofa, ya ajiye bulalar a cinya.

Mushe yana baranda, gemu ya fito masa, bai dube ta ba. Da hannu ya nuna mata ɗaki. Madam tana kwance, a gefenta wani ɗan ƙunshi a cikin tawul. Mace ce, ba ta fi tsawon muciyar miya ba, fatarta duk tamoji, hannuwanta sanyi ƙalau. Tana numfashi.

Sha'ibu ya tsaya bayan ƙofa yana fassara, don ba ya shiga. Jiya aka haihu. Lokotoro, likitan Turawa, ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce a riƙa ɗumama ta, ya tafi rangadi. Jaririyar ba ta iya kama nono. Madam ce ta nace a kirawo mata Atika, ta ƙi ci ta ƙi sha sai da aka aika. Tambaya ɗaya take da ita: don me ta bar sunan a rabi?

Inna ba ta jira Sha'ibu ba. Ta kwance bargon ta shimfiɗa a kan gado. Ta sa manyan yatsunta biyu a saman inda ja ya tsaya, ta buɗa ɗaurin farin zare. Jan ya leƙo daga ciki. Ta matsa sama ta sake buɗawa, yana nan. Ta kai har bakin bargon, yana nan. Sannan ta dafa cikinta, ta ɗaga yatsu uku, ta nuna ƙasa.

Madam ta daɗe tana kallon yatsun. Shekara guda suna zama a baranda ɗaya, ba ta taɓa sanin matar nan ta binne 'ya'ya ba. Ta yi magana a hankali, Sha'ibu ya ce, "Wai tun da aka haihu ba ta kira sunan ba. Ta buɗe baki ta kasa. Wai mi za a yi?"

Inna ta ce, "Kwana bakwai. Kada wanda ya kira shi, kada wanda ya rubuta."

Ta kwance zanenta na sama, ta ɗora jaririyar a ƙirjinta fata da fata, ta naɗe su duka da bargon ta ɗaure. Ta nuna wa Madam yadda za ta tatsa a cokali, ita kuma ta riƙa ɗiga wa yarinyar a gefen baki, ɗigo ɗaya, a jira ta haɗiye, sannan wani. A zaune take barci. Ko bayan gida za ta, da yarinyar take zuwa. Gardin nan kuwa bai bar bakin ƙofa ba, kuma kowa ya san ba gidan yake gadi ba.

Rana ta uku Mushe ya sa hularsa zai tafi biro, ofishin hukuma, a rubuta haihuwa, don haka dokarsu ta ce. Madam ta riƙe masa hannun riga. Suka yi ta yi da Faransanci, muryarsa har bakin titi. Inna tana zaune a kusurwa, ba ta jin ko kalma, tana dai jin bugun zuciyar yarinyar a kan tata. Can sai Mushe ya cire hular ya maka ta a tebur ya fita wurin sikeli. Bai je biro ba.

Rana ta biyar da tsakar rana, Inna ta ji ƙirjinta ya yi shiru. Ta buɗe bargon. Yarinyar ta yi toka-toka, leɓunanta sun yi baƙi, ba motsi. Ta san wannan launin, sau uku ta gan shi. Madam ta ƙwalla ƙara, Mushe ya faɗo ɗakin, ta taga kuma Inna ta hango gardin ya miƙe tsaye. Ta kifa yarinyar a tafin hannu tana murza bayanta da yatsu biyu, tana ɗalla mata tafin ƙafa, ta juyo ta ta hura mata iska a hanci. Ba ta da sunan da za ta kira ta da shi, sai take ta cewa, "Ke! Ke! Ba a ma hwaɗa maki ko ke wace ce ba, ina za ki?" Yarinyar ta shaƙa, ta yi wani ɗan kuka irin na ɗan mage. Mushe ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu.

Rana ta shida ta kama nono da kanta.

Da safiyar bakwai Inna ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta naɗe ta a bargon, ta miƙa wa uwar. Ta ce, "To, Madam. Yanzu kira ta." Madam ta sa baki a kunnen yarinyar ta faɗa, sannan ta ɗago ta faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Kulod, ko wani abu kusa da haka.

Inna ta ce, "Kulu? Duk wanga tashin hankali a kan Kulu na? Ai ko a Tibiri muna da su biyar!" Ta yi dariya har ta zauna, dariyar ta juye ta zama kuka, ta yi ta yi ba mai hana ta. Da ta share ido ta leƙa waje, doki da gardi ba sa nan.

Ta fid da kwarashinta daga gashin kai, ta kama bakin bargon za ta warware ta ƙarasa sunan kamar yadda ta yi alkawari. Madam ta ɗora hannu a kan nata, ta girgiza kai.

Mushe ya aika aka nemo Tanimu, amma sai bayan wata guda da rabi ya iso. Dutse ya faɗa masa a ƙafa, ya koma madafarsa yana ɗingishi, da ɗingishin kuma aka kai shi kabari. Bai taɓa goranta mata ba a gabana. Abin da yakan ce kawai, idan ƙafar ta tashi da sanyi, shi ne, "Ke kin goyi suna, ni na goyi dutse." Inna kuwa sai ta tashi ta dafa masa ruwan gashi.

Shekara biyu Kulu tana bayan Inna. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa Tibiri, har matan da ke juya mata baya suka fara leƙo jar 'yar suna taɓa gashinta. Hausa ta fara ji kafin Faransanci, tuwo ta fi so a kan burodi. Shekarar da ruwa ya ci tsohon gari yaƙi ya ƙare, kamfani ya kira Mushe gida. Ranar tafiya kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya ƙofar gidan, Inna ta sauke Kulu daga baya, yarinyar ta taka da ƙafafunta ta je wurin uwarta. Ita kaɗai ce Inna ta goya har ta ga tafiyarta. Madam ta dawo daga bakin motar da bargon a hannu, ta tura mata shi a ƙirji, ta juya da sauri.

Inna ta kwana biyu ba ta ci ba. Ganin haka ne mahaifina ya ɗauke ni, ina 'yar shekara uku, ya kai mata. Ba ta sake haihuwa ba. Da aka koma sabon gari kan tudu ta zauna da kwarashinta, kuma ban san iyakar jariran Maraɗi da suka kwana a cikin aikinta ba. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta karɓar aiki sai an ji kukan ɗa. Ranar haihuwa take ɗaura zare, ranar suna take kai bargo. Tana fitar da tsuntsu, da dabino, da ƙadangare, amma ko matar babban ma'aikaci ce ta roƙe ta harafi, sai ta ce ta tafi wurin tela. Daga Faransa kuwa ko takarda ba ta taɓa zuwa ba. Ni na riƙe wannan a raina, ita ba ta riƙe ba.

A ciwonta na ƙarshe idanunta sun riga sun tafi. Wata la'asar ta ce in ɗauko mata bargon. Ta lalube shi da yatsu har ta sami inda ulu ya daina fitowa auduga ta ci gaba, ta haura sama kaɗan, ta buɗa ɗaurin kamar yadda ta buɗa wa Madam. Ta juyo da shi wajena.

"Duba mani, Saudatu. Yana nan?"

Na duba. Shekara talatin da wani abu, wanki ya cinye launin na waje, amma na cikin ja ne wur.

Na ce, "Yana nan, Inna."

Ta saki ɗaurin ya rufe, ta shafa wurin da tafin hannu. Ta ce, "To, Kulu na nan." Sannan ta ce in ba ta ruwa.